Yatsu Biyu a Maƙogwaron Taguwa

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya bar mini hannuna bayan lokotoro, wato likita, ya riga ya nuna inda zai yanke. Sunana Lawali, mutumin Gure. Na rubuta wannan ne domin duk wanda aka ɗora kan aikin inji, a nan ko a wani gari, ya ji abin da ya same ni kafin ya same shi. Na yi lakwal har na iya karatu da rubutu da ɗan Faransanci, ban wuce nan ba. Wanda ya ga kuskure ya gyara, kada ya yi mini dariya.

Wanda ba ɗan ƙasar nan ba ne sai an yi masa bayani. Lokacin ɗari iskar gabas takan kwaso rairayi ta jibge kan hanyar mota da Nasara suka ja daga Damagaram ta bi ta garinmu. Ka share yau, jibi ka tarar da tudu a wurin. Da can mutanen aikin dole ake kwasowa daga ƙauyuka su kwashe shi da ƙorai da kwanduna. Sai aka kawo wani Nasara mai gyaran motoci, wanda muke kira Jan Wuya. Ya ce a garinsu, can cikin duwatsu, sanyi kan zubo da dusar ƙanƙara fara kamar auduga har ta rufe ƙofofin gidaje, kuma suna da injin da ke haɗiye ta ya tofar gefen hanya. Ya ce abin da ya iya da ƙanƙara zai iya da rairayi. Ya ciro injin wata kamyo, babbar motar kaya, da ta mutu, ya ɗora kan amalanke mai ƙafafun ƙarfe wadda shanu biyu ke ja. A ƙasa ya yi mata baki mai murɗaɗɗen ƙarfe da ke tattaro rairayi. Bayan bakin akwai fanka mai fukafukai, ita ke cilla rairayin ta wani dogon bututu da muke kira maƙogwaro. Saboda gurnaninta da tofinta mutane suka sa mata suna Taguwa.

Ni aka ba riƙonta. Jan Wuya ba ya jin Hausa, ni kuwa ina jin maganarsa, kuma ya lura ni mutum ne da ke komawa ya taɓa ƙofa bayan ya san ya kulle ta. Na roƙa aka ɗauki Kyari ya riƙa kora shanun. Kyari ɗan kawuna ne, mutanen Kelle, dangin uwata. Shi ɗan namiji, ni ɗan mace, saboda haka tun muna yara bawansa yake kirana, kamar yadda taubasai ke yi. Ya fi ni tsawo, ya fi ni baki, ya kada ni kokawa a gaban ƴan mata ba sau ɗaya ba. A gindin Taguwa kaɗai nake gaba da shi a duniyar nan.

Na kula da ita iyakar ƙoƙarina. Ƙanƙara, in ji Jan Wuya, laushi gare ta, tana narkewa ta tafi abinta. Rairayi kuwa haƙora gare shi. Idan ya haɗu da giris sai ya zama kamar dutsen wasa wuƙa, ya ci ƙarfe. Don haka kullum in mun tashi aiki sai na goge tsohon giris tas kafin in sa sabo. Isansi, wato man fetur, sai na tace shi da ƙyalle. Nakan ciro buji, wato fulogi, in kankare baƙin da ke kansu. Ɗamarar fata da ke juya fanka nakan shafa mata kitse don kada ta tsage. Ba na juya maƙogwaro ya fuskanci iska ko mutane, kuma in an gama sai na rufe mata baki da tabarmi. Duk wannan Kyari yana gani. Abu ɗaya ne bai gani ba. Fankar tana ɗaure ne da wani babban bulon, wato ƙusa mai murɗi, kuma an yi shi a juye. Kowane bulon hagu ake murɗa shi ya kwance, shi kuwa sai dama, don kada juyin fanka ya sassauta shi. Jan Wuya ya nuna mini ni kaɗai, ya ce kada in bar kowa ya buɗe wurin in ba ya nan.

Ranar da abin ya faru Jan Wuya ya yi tafiya Damagaram, ba a san ranar dawowarsa ba. Muna aiki da hantsi a wani kwari gabas da gari, inda goruba ta yi yawa. Taguwa ta haɗiyi saiwar kaba da rairayi ya binne. Ta yi wani ƙara, ɗamara ta soma hayaƙi, tofi ya tsaya. Nan take na kashe inji. Na jira ya yi tsit, har kunne na sa na tabbatar. Ina da sandar aduwa da nake zungurar maƙogwaro da ita in ya toshe, amma da safen nan tsumagiyar Kyari ta karye, ya ɗauki sandata yana kora shanu.

Na ce, “Kyari, miƙo sanda.”

Ya ce, “Bawa, ka ga ina fama da jan sa, kana aike na? Jira ubangidanka ya gama.”

Ana jiran motar wasiƙu ta bi ta nan, ga saiwar ina hangen ta da idona. Na zura hannun dama na ja. Wani yanki ya fizgo, fanka ta juya. Ko zagaye guda ba ta yi ba. Ban ji zafi ba da farko, sai na ji kamar an sauke mini taɓarya a kan yatsu.

Ga gargaɗin, a riƙe shi ko an manta sauran labarin. Inji ya mutu ba shi ne ƙarfinsa ya tafi ba. Idan fanka ta cije, ɗamara takan tsaya a miƙe kamar tsarkiyar baka, tana jiran a cire abin da ya tare ta. Hannu ba ya shiga maƙogwaro, ko inji ya kwana a kashe. A sa sanda. In babu sanda a zauna a jira ta, motar wasiƙu ta jira ita ma.

Kyari ya yage rawaninsa ya ɗaure mini sama da wuyan hannu, ya kwance sa ɗaya ya ɗora ni, yana gudu yana ja. Duk hanya zagina yake yi don kada in suma.

“Ka mutu ka gani! Wa ya ba ka izini? Wa zai riƙa ɗaukar mini takalmi? Buɗe ido, mummuna, ga garinku nan.”

A ɗakin magani anfirme, wato mai ba da magani, ya tsallake da ni gaban masu jira saboda jinin. Manuniya ta riga ta rabu, fata kaɗai ke riƙe da ita, ya ƙarasa ta da almakashi. Na tsakiya ya farfashe, amma ya ce a bar shi ko zai kama. Ya wanke da wani ruwa mai launin makuba, ya naɗe da farin ƙyalle, ya ce in riƙa zuwa kowace safiya. Ina gode masa, hannunsa da sauƙi. Amma daga ranar ban sake tsallake kowa ba. Sai a fito tun da sanyin safiya a zauna gindin bango, gardawa, wato dogaran Nasara, da iyalansu su fara shiga, sannan mu. Ga masu kurkunu, ga mata da yara masu ciwon ido, ga wani tsoho da raƙumi ya ciza a kafaɗa wanda ya ce ni da shi taguwa ɗaya ce ta ci mu. Wata rana rana ta take kafin a kai gare ni, a ce farin ƙyalle ya ƙare, a wanke na jiya.

Makon farko na ɗauka abin zai zo da sauƙi. Iya, mahaifiyata, ta tare a ɗakina, matata Hajara tana dama mini kunu tana ba ni a baki, don hagu ba ta saba ba kuma ina ƙyamar ci da ita. Masu gaisuwa suka cika gida, kowa da maganinsa. Wani ya ce garin bagaruwa. Wata gwaggona ta ce a tafasa man shanu a tsiyaya a kan ciwon, haka aka yi wa mijinta da gatari ya sare shi. Wani Bafillace abokin babana daga Alakos ya ce fitsarin raƙumi, har ya zo da shi cikin gora. Ni kuwa tsoro nake ji ta kowane gefe. In na sa, anfirme zai gani ya yi faɗa. In ban sa ba, sun ce na raina su don na yi lakwal. Sai in karɓa in yi godiya, Hajara ta ɓoye bayan randa.

A mako na biyu hannun ya kumbura har ya yi sheƙi. Zazzaɓi ya zo, kaluluwa ta fito mini a hammata, wani jan layi ya kama hanya daga wuyan hannu zuwa sama. Ɗakin ya soma wari. Hajara tana turara shi tana cewa ɓeran da ya mutu ne a rufi, ni kuwa na san warin jikina.

Nan Iya ta je ta kawo tsohon maƙerin unguwarmu. Ya kwance ɗaurin ya duba, bai yamutsa fuska ba. Ya ce ciwon ƙarfe maganinsa na wurin maƙera. Ƙarfen da ya sha jinin mutum yana riƙe da zafin ciwon, sai an kawo shi an gasa a wuta ya yi ja, a tsoma a ruwa, a wanke ciwon da ruwan, a sha saura. Ya ce ba kowane ƙarfe ba, shi wanda ya yi cizon.

Iya ta juya ga Kyari, wanda ke zaune bakin ƙofa. Ta ce, “Ka ji. Je ka ciro.”

Dama Kyari na neman buɗe wurin. Sauran saiwar ta naɗe bayan fanka, Taguwa ba ta aiki, an koma kwaso mutanen ƙauye da ƙorai, gardi kuma kullum yana kansa. Rumfar da muke ajiye ta ba ta da nisa da gidanmu. Ina kwance ina jin bugun guduma a kan kile, ƙarfen kwance bulon, kuma na san abin da ke faruwa. Hagu yake murɗawa, kowane bugu ƙara ɗaure bulon yake yi.

Da yamma ya shigo da gumi, ya zauna ya ɗauki hannuna ya ɗora kan gwiwarsa. Shi ke matse mini mugunya, don Iya da Hajara ba sa iya kallo. Yana matsawa yana magana.

“Taguwar nan taka ta ƙi ni. Tsatsa ce, ko wani asiri ka yi mata?”

Na ce, “Jan Wuya ya ce kada a buɗe in ba ya nan.”

“Jan Wuya na can yana shan iska, kai kana nan kana ruɓewa. Akwai wata dabara ne?”

Na ce zafi nake ji, ya bar ni. Ya bar ni.

Na yi ta juya abin a raina. Amana aka ba ni, wannan gaskiya ne. Kuma ina shakkar maganin maƙeri, ina tsoron kada ya zama na dogara ga ƙarfe na bar Allah. Wannan ma gaskiya ne. Amma akwai na uku. Duk lokacin da na rufe ido sai in ga Kyari tsaye a inda nake tsayawa, ya karkata hula, mutanen hanya na cewa sannu mai Taguwa. Shi da ko tace isansi bai taɓa yi ba. Shi da ya ɗauke mini sanda. Komai na duniya ya zo masa a sauƙaƙe, wannan ɗaya da na samu da wahalata shi ma sai ya bi sahu? Har yau ban san wanne cikin ukun ya fi nauyi ba. Na dai yi shiru, guduma na ta bugu.

Cikin mako na uku lokotoro Nasara ya zo rangadi. Kyari ne ya goya ni zuwa ɗakin magani, don ƙafafuna ba sa ɗaukata. Lokotoro ya kwance ƙyallen, ya kawar da kai kaɗan, ya faɗi wata kalma ga anfirme wadda ba ta cikin abin da aka koya mana a lakwal, gangiran. Na tambaya, ya ce nama ne ke mutuwa mutum yana da rai. Yatsan tsakiya ya yi baƙi ƙirin. Aka danne ni, Kyari ya kwanta a ƙirjina, lokotoro ya cire yatsan ya kankare naman da ya mutu har cikin tafi. Da ya gama ya ɗora yatsansa a wuyan hannuna ya ce in baƙin ya kai nan kafin ya dawo daga gabas, to nan zai yanke. Ya matsa yatsan zuwa gwiwar hannu.

Kalmar nan ta zauna mini a kai. In na farka gangiran, in na kwanta gangiran. Nakan sa Hajara ta ɗaga ƙyallen in duba ko baƙin ya matsa, ta rufe, in ce ta sake ɗagawa don ban duba da kyau ba.

Iya ta sayar da tunkiyarta don a saya mini nama da nono. Ranar da ta dawo daga kasuwa ba tunkiya ta zauna kusa da kaina, ta yi mini magana da Barbarci, yaren da take yi mini in abin ya kai mata wuya.

Ta ce, “Na haife ka, na san shirunka. Ka san yadda ake buɗe ƙarfen nan.”

Na ce, “Iya, amana ce.”

Ta ce, “Hannun nan ma amana ne. Ɗan yayana na can tafinsa ya fashe da guduma saboda kai. In an yanke maka hannu, da me za ka riƙe abin da kake ɓoyo?”

Na aika aka kira Kyari. Na ce ya matso, ban so ko Hajara ta ji ba, ko da yake ba abin da za ta yi da shi. Na ce, “Dama ake murɗawa. Kamar za ka ɗaure.”

Ya dube ni. Na jira ya tambaye ni tun yaushe na san yana bugun banza, na ma shirya amsa. Sai ya kwashe da dariya har ya riƙe ciki.

“Dama! To ai dole, inji ya yi kama da mai shi. Komai naka a juye yake, bawana.”

Bai ƙara ko kalma a kai ba, ranar ko bayanta. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Kafin la'asar fanka na maƙera. Aka gasa fiffiken da ya cije ni, aka tsoma a ƙwarya, ruwan ya yi ƙara ya yi tururi. Na yi bisimilla, na faɗa a raina cewa Allah ke warkarwa, ruwa sababi ne. Aka wanke ciwon da shi da ɗuminsa, na sha saura, ɗanɗanonsa kamar ka tsotsi ƙusa. Maƙeri ya karɓi zakara da gero. Ya kuma miƙe fiffiken da ya lanƙwashe ba a roƙe shi ba.

Bayan ƴan kwanaki zazzaɓi ya sauka, jan layin ya dushe, baƙin bai matsa ba. Iya ta ce maƙeri. Anfirme ya ce wuƙar lokotoro. Ni ban san wanne ba, ba zan kuma rubuta abin da ban sani ba. Na gode wa dukansu. Abin da zan ce kawai, da an cire yatsan nan tun ranar farko, da wataƙila ba a kai nan ba. Wanda ciwonsa ya soma wari ko ya ga jan layi na hawa, kada ya tsaya turare.

Jikina na samun sauƙi, zuciyata na ƙara ciwo. Kyari ya cire saiwar, ya mayar da fanka, kuma wata safiya ina shan kunu na ji Taguwa ta tashi. Ludayin ya faɗi daga hannuna. Na kasa kunne ko zan ji tari, ko ƙarar ɗamara mai santsi, ko wani abu da zai nuna ta san ba ni ba ne. Lafiya lau take gurnani. Na ce wa Hajara buji ɗaya ba ya ci da kyau. Ta ce ita ba ta ji komai ba. Ni ma ban ji ba.

Kullum da yamma yana zuwa, wani lokaci da nonon raƙumi da ya karɓo wurin makiyaya a hanya, wani lokaci da ƙwan zabi. Yana wanke mini ciwo ina yi masa tambayoyi.

“Ka goge tsohon giris kafin ka sa sabo?”

“Na goge.”

“Da wane ƙyalle?”

“Da rigarka ta Salla.”

“Ka rufe mata baki?”

“Na rufe. Saura naka.”

Hajara takan yi dariya daga bayan zana, wannan ma ya dame ni. Masu gaisuwa da suka saba tambayata labarin inji suka koma tambayarsa a gabana. Yana ba su labari yana kwaikwayon gurnaninta, suna ta dariya, abin da ni ban taɓa iya sa su yi ba. Mutumin nan ya goya ni, ya taɓa mugunyata da hannunsa, ya kwana biyu bai ci abinci ba lokacin da aka ce za a yanke. Ina kallonsa ina jin kamar ya shigo ɗakina ya sa rigata, kuma rigar ta fi yi masa kyau.

Da lokotoro ya dawo daga gabas ya duba ya ce hannu ya tsira. Ciwon ya rufe a hankali, ya bar mini babban yatsa da ƙananan biyu, su ma a sandare. Na yi ta matsa ƙwallon goruba don su yi ƙarfi. A ɓoye nakan ɗauki taɓaryar Hajara in juya ta kamar maniwel, ƙarfen da ake murɗawa a tayar da inji. Na gaya wa kaina zan iya.

Ɗari na gab da wucewa Jan Wuya ya dawo. Ya kira mu rumfa mu biyu. Ya kama hannuna ya juya shi, ya yi tsaki na tausayi, ya ce in tayar da Taguwa ya gani. Na lura injin da ɗumi. Kyari ya riga ya tayar da ita da sassafe ya kashe, don ta yi mini sauƙi. Na kama maniwel da dama, ya zame. Na kama da hagu na murɗa, ya dawo da ƙarfi ya buge ni a damtse. Na sake, na sake. Gumi ya jiƙa ni. Ba ta tashi ba.

Sannan Jan Wuya ya ce mini, “Tambayi ɗan'uwanka. Zai iya riƙe ta shi kaɗai?”

Ni ne bakinsu su biyu, don ba mai jin wani. Na juya na faɗa wa Kyari da Hausa, muryata kamar ba tawa ba.

Kyari ya ce, “Gaya mishi ban iya ba. Ka ce ƙarfi kawai gare ni kamar sa, ni zan riƙa murɗa maniwel, kai ka riƙe sauran. Ka ce in ba ka nan kashe ta zan yi cikin mako.”

Na mayar wa Jan Wuya kamar yadda ya faɗa, ban ƙara ba ban rage ba. Na ga hanya ta buɗe. Jan Wuya ya zagaya Taguwa. Ya shafa ɗamara, ya ciro buji ya duba, ya sa yatsa a giris ya murza ya ga ba rairayi. Ya dawo ya tsaya gabana.

Ya ce, “Wannan maganarsa ce. Kai nake tambaya. Gaskiya ne bai iya ba?”

Kalma ɗaya ce tsakanina da ita, kuma Kyari ba zai ma san abin da na ce ba. Amma giris ɗin na kan yatsan mutumin, fari tas. Ni na koya wa Kyari wannan da tambayoyina na kowace yamma. Na ji tsoron in yi ƙarya da bakin da ya gama roƙon Allah Ya bar mini hannu. Na ce, “Ya iya.”

Jan Wuya ya ce to. Albashin mutum ɗaya kumandan, Nasaran da ke mulkin gari, ya yarda da shi a kan inji, mai kora shanu kuwa ana iya samu ko'ina. Ya ce ni zan koma ɗakin ajiya in riƙa ba da isansi da giris.

A hanyar gida Kyari ya tambaye ni abin da aka ce. Da na gaya masa ya tsaya cak a tsakiyar hanya.

“Kai wane irin mutum ne? Na dafa na kai maka har baki, ka tofar?”

Na ce, “Ya tambaye ni.”

“To sai me? Ni ban yi ƙaryar ba? Zunubin ai nawa ne, kai ɗauka kawai za ka yi ka miƙa!”

Na ce, “Na miƙa taka. Tawa ya nema.”

Ya yi ta faɗa har ƙofar gida, ya ce zai je ya ce ba ya so. Iya ce ta hana shi, ta ce in ya ƙi baƙo za a ba, gara Taguwa ta zauna a gida. Washegari ya zo karɓar isansi a hannuna. Na tace masa da kaina, ya tsaya yana kallon ƙasa.

Ina nan a ɗakin ajiya yanzu. Na koyi rubutu da yatsu uku, shi ya sa layukan nan suka karkace. Ina gode wa Iya da Hajara, da anfirme da lokotoro da maƙeri, da duk wanda ya tako ya gaishe ni, har da mai gorar fitsarin raƙumi. Kyari kuwa ban san yadda zan gode masa ba, ban kuma san yadda zan daina jin abin da nake ji ba in ya wuce da Taguwa yara na bin sa a guje.

Bayan kowace salla ina yi masa addu'a Allah Ya tsare masa hannuwansa. Abin ya dame ni, har na je na sami limamin unguwarmu na tambaye shi ko ana karɓar addu'ar da baki ya yi alhali zuciya na ja da baya. Ya ce in ci gaba da yi, zuciya raƙuma ce, takan yi gardama amma tana bin akala. Ina nan ina ja.